Tsawon Wayar Garmaho da Ingancin Sauti: Tambayoyi da Amsoshi

Garmaho ya dawo yayi. Wasu sun zaƙulo na iyayensu daga ɗakin ajiya, wasu sun sayi na gwanjo, wasu kuma sabo fil a kwali. Kusan kowa idan ya zo jera kayan a falo sai ya tarar wayar da ta fito daga bayan garmahon gajeriya ce, ba ta kai inda amfilifaya take ba. Abin da ke fara zuwa a rai shi ne a sayo doguwa, ko a yi mata ƙari. Kafin a yi hakan, ga abin da ya kamata a sani.

Da gaske tsawon waya yana canja sauti, ko dai daɗin bakin masu sayar da kaya ne?

A kan yawancin wayoyin kayan sauti, daɗin baki ne. Wayar da ke tsakanin na'urar CD da amfilifaya, ko mita 1 ce ko mita 5, kunnenka ba zai bambance ba. Amma akwai waya guda da maganar ta tabbata a kanta, har na'urar awo tana nunawa: wadda ke ɗauko sauti daga kan allura ta kai shi ramin da aka rubuta wa PHONO. Ita wannan ba hanyar wucewa kawai ba ce. Tana cikin abubuwan da ke yanke yadda sautin zai fito, domin ita da kan allurar suna aiki ne tare. Ka ƙara mata tsawo, ka canja halin kan allurar, ko da ba ka taɓa shi ba.

Me ya bambanta ta da sauran wayoyi?

Abu na farko rauni ne. Allura tana bin tsagin faifai tana karkarwa, karkarwar tana motsa ɗan mitsitsin maganaɗisu kusa da naɗin waya siririya, daga nan ake samun wutar da ke ɗauke da sautin. A irin kan da ya fi yawa a kasuwa, wanda ake rubuta wa MM, wutar ba ta wuce milibolt 3 zuwa 5 ba. Na'urar CD kuwa bolt 2 take fitarwa, ninki ɗari huɗu ke nan ko fiye. Sautin garmaho raɗa ce ake yi a tsakiyar kasuwa: duk nisan da ta yi kafin ta kai kunne, hayaniya na ƙara shiga cikinta.

Saboda haka dole a fara ba shi ƙarfi kafin ya shiga amfilifaya ta ainihi. Wannan aikin na amfilifayar fono ne, wata 'yar na'ura da ke ninka sautin kamar sau 100. Wani lokaci tana cikin babbar amfilifaya, wani lokaci tana cikin garmahon, wani lokaci kuma akwati ne mai zaman kansa.

Tana da aiki na biyu. Tun daga 1954 kamfanonin faifai suka fara bin ma'auni guda da ake kira RIAA: lokacin yanka faifai ana rage sauti mai kauri, ana ƙara siririn sauti, don tsagin kada ya yi faɗi ya cinye wuri. Amfilifayar fono ce ke mayar da komai yadda yake, wato tana ɗaga mai kauri ta sauke siriri. Ka riƙe wannan, zai dawo a maganar gurnani.

To mene ne ainihin abin da doguwar waya ke yi wa sautin?

Ka yanka wayar sauti ka duba cikinta. Akwai siririyar waya a tsakiya, roba ta lulluɓe ta, sannan saƙaƙƙiyar tagulla ta zagaye robar. Ƙarfe biyu da roba a tsakani: duk mai gyaran rediyo zai gaya maka wannan kafasita ce. Ba wanda ya sa ta da gangan, amma tana nan, tana riƙe ɗan caji. Ana auna wannan riƙon caji da pikofarad, ana taƙaita shi pF, kuma yana ƙaruwa daidai da tsawo. Wayar da ke da pF 100 a mita 1, a mita 4 tana da 400.

A ɗaya gefen, cikin kan MM akwai naɗin waya mai zagaye dubbai, wato koyil. Idan koyil ya haɗu da kafasita, akwai wani mataki na sauti da suke kumburawa, abin da ke sama da shi kuma su danne shi da sauri. Inda wannan kumburi zai faɗa ya dogara da yawan pF ɗin. Idan kaɗan ne, kumburin ƙarami ne kuma yana can ƙurewar sama, inda kunne da kyar yake kaiwa. Idan ya yi yawa, sai ya sauko tsakiyar abin da ake ji, ya kuma ƙara girma.

Bari mu yi lissafi da kan allura guda da aka sani. AT-VM95E na kamfanin Audio-Technica koyil ɗinsa milihenri 550 ne (ma'aunin koyil ke nan), kuma kamfanin ya ce a ba shi pF 100 zuwa 200. A ce siraran wayoyin cikin hannun garmaho sun ci 25, amfilifayar fono ta ci 100, wayar mita 1 ta ci 100. Jimla 225, ya ɗan haura amma ba laifi, kumburin yana wajen kilohaz 14 (haz shi ne yawan karkarwar sauti a daƙiƙa, kilohaz kuma haz dubu ne). Yanzu ka sauya wayar da mai mita 4 irinta. Jimla ta zama 525, kumburin ya sauko kusa da kilohaz 9, abin da ke sama da nan kuma ya fara zubewa. Kunnen ɗan Adam yana ji daga haz 20 zuwa kilohaz 20 a ƙuruciya, yana raguwa da shekaru, amma mafi yawan manya suna jin kilohaz 9 sarai.

Ka lura cewa jimla ake dubawa, ba wayar ita kaɗai ba. Mutane da yawa suna mantawa da rabon amfilifayar, alhali akwai masu cin pF 200 ko fiye tun kafin a jona komai.

Yaya zan gane a kunne?

Mutane sukan ɗauka doguwar waya tana dusashe sauti ne kawai. Ba haka abin yake farawa ba. Da farko sautin yana yin kaifi: harafin "s" a bakin mawaƙi yana tsini, goge ko kukuma suna tsikarar kunne, ƙarar ƙura da ƙarzunan faifai suna fitowa fili fiye da da. A lokaci guda kuma wani sheƙi na can sama ya ɓace, sautin ya zama kamar an matse shi. Kaifi da dushewa a tare, shi ya sa yake da wuyar bayani. Idan aka ci gaba da ƙara tsawo, dushewar ce ke yin rinjaye.

Wasu ma sukan so shi a ranar farko, su ce sautin ya "fito". Bayan sa'a guda ana sauraro ne kunne ke gajiya.

Ƙarfin sautin fa, yana raguwa?

A'a. Turjiyar wayar mita 3 ko 4 ba ta kai om 1 ba, ramin PHONO kuwa om 47,000 ne. Abin da ya ɓace a hanya bai kai a ambata ba.

Mita nawa ne iyaka?

Ba doka ba ce, amma a ganina mita 1 zuwa 1.2 shi ne wurin kwanciyar hankali, kuma ba banza ba kamfanoni ke yanke wayoyinsu kusa da nan. Mita 1.5 yana yiwuwa da wayar kirki. Mita 2 sai da waya mai ƙarancin pF sosai, irin mai 50 ko 60 a kowace mita. Daga mita 3 zuwa sama, ka daina neman waya, ka nemi wata dabara.

Abin da ya fi tsawon muhimmanci shi ne pF nawa ce a mita. Waya mai kyau ta mita 2 tana iya fin ta banza mai mita 1 sauƙi a kan allura. Sannan ka duba takardar kan allurarka. Jerin 2M na Ortofon, misali, suna son pF 150 zuwa 300, sun fi na Audio-Technica haƙuri kaɗan.

Kenan gajarta ita ce komai? In yanke tawa ta koma rabin mita?

Kada ka yi gaggawa. Akwai tsofaffin kawuna da aka ƙera don pF mai yawa. Shure V15 Type III na shekarun 1970 yana son 400 zuwa 500, haka M44-7 da masu kiɗan disko suka daɗe suna so, wajen 450 yake nema. Irin waɗannan idan ka ba su gajeriyar waya da amfilifaya mai ƙaramin pF, sautinsu na iya yin sanyi, ya rasa armashi. Sai dai gyaran wannan mai sauƙi ne: ana ƙara 'yar kafasita a ramin shiga, wasu amfilifayoyin ma suna da makunnin zaɓen pF a baya ko a ƙasa. Ƙarawa ba wuya. Ragewa ce ba ta yiwuwa sai an taɓa waya, shi ya sa farawa da kaɗan ya fi.

Game da yankewa: idan garmahonka mai wayar da aka like ce daga ciki, kamar Technics SL-1200 MK2 da ya fito a 1979, ko garmahon Rega, ka bar ta yadda take muddin lafiyarta ƙalau. Siraran wayoyin cikin hannun sun yi kusa da gashi, kuma mai gyaran da ya saba da fanka da talabijin yana iya ƙone su da ƙarfen lika cikin daƙiƙa.

An ce ɗaya nau'in kan allura, mai suna MC, bai damu da tsawon waya ba. Haka ne?

Rabin gaskiya ce. A kan MC koyil ɗin ne ke motsi, don haka ana yin sa ƙarami da 'yan zagaye kaɗan. Kumburin da muka yi bayani yana faɗawa can nesa da abin da kunne ke ji, pF ɗin waya ba ya taɓa launin sautin. Amma wutar da yake fitarwa ta fi rauni, sau da yawa milibolt 0.2 zuwa 0.5, kuma sai an ninka ta kamar sau 1,000. Duk wata hayaniya da wayar ta kwaso a hanya ita ma sau 1,000 za a ninka ta. Ka tsira daga matsala ɗaya, ɗayar ta ƙaru.

Dole garmahona ya yi nisa da amfilifaya. Mene ne mafita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce amfani, amsarta kuma ba tsada. Ka sayi amfilifayar fono mai zaman kanta, ka ajiye ta gefen garmahon, ka haɗa su da gajeriyar waya. Daga bayanta sautin ya riga ya yi ƙarfi, ya zama irin na CD, kuma ba ya jin nauyin waya. Nan za ka iya jan mita 5, har fiye, zuwa ramin AUX ko CD ko LINE na babbar amfilifaya. Tsawon yana nan yadda kake so, ka dai matsar da shi zuwa inda ba ya ɓarna.

Kafin ka kashe kuɗi, leƙa bayan garmahon. Da yawa daga cikin sababbi, irin su AT-LP60 da AT-LP120, suna da ɗan makunni mai PHONO a gefe ɗaya da LINE a ɗaya gefen. Idan naka yana da shi, ka tura shi LINE, magana ta ƙare.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Idan makunnin yana LINE ka kuma jona a ramin PHONO, sautin ya bi ta amfilifayar fono har sau biyu, zai fito da ƙara mai fashewa da kauri mai toshe kunne. Idan yana PHONO ka jona a AUX, za ka ji shi can ƙasa-ƙasa, siriri, ba kauri ko kaɗan.

Kuma nisanta garmaho daga sifikoki abu ne mai kyau, kada a fasa. Idan suna kan teburi ɗaya, girgizar sifika tana komawa cikin allura, sautin ya yi ta zagaye har ya koma kuka.

Tun da na sa doguwar waya nake jin gurnani "huuum" a sifika. Daga ina?

Daga wutar gida. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Gana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma kowace wayar wuta da kowace tiransifoma tana watsa wannan a kewayenta. Wayar garmaho tana kwasa, doguwa ta fi kwasa. Ga kuma abin da muka ce a riƙe: amfilifayar fono tana ɗaga sauti mai kauri, a haz 50 tana ƙara masa kusan desibel 17 a kan na tsakiya, wato ninki 7. Gurnanin ya faɗo daidai inda ake ƙara wa ƙarfi.

Ka fara da wayar ƙasa, siririyar nan ta uku mai kai kamar cokali mai yatsu. A ɗaure ta tamau a kusar da aka rubuta wa GND a bayan amfilifaya. Da yawa idan sun yi wa wayoyin sauti ƙari sai su bar ta tana lilo saboda ba ta kai ba. Ita kam za ka iya ƙara mata tsawo da kowace wayar tagulla, ba ruwanta da pF. Garmahon Rega ba shi da ita a waje, an haɗa ta ta cikin wayar sautin, don haka kada ka wahalar da kanka nema.

Bayan nan ka duba hanyar da wayar ta bi. Kada ta kwanta a jikin wayar wuta suna tafiya tare, idan dole su haɗu to su gitta juna. A nisanta ta da sitabilaiza, da cajar wayar hannu, da inbata. Kada a ɗora amfilifayar fono a kan babbar amfilifaya, tiransifomar ciki tana nan ƙarƙashinta. Idan kuma ƙarar ba gurnani ba ce, wani "ziii" ne mai kaifi da ke zuwa sai an tayar da janareta ko an koma kan inbata, to daga wutar yake, sauya wayar sauti ba zai kawar da shi duka ba. Haka "tit-tirit-tirit" da ake ji dab da shigowar kira: wayar hannu ce, a ɗauke ta daga teburin.

Gwaji mai sauƙi: ka ƙara murya ba tare da ɗora allura ba, ka ɗaga wayar da hannu kana matsar da ita. Idan gurnanin yana hawa yana sauka, hanyar wayar ce matsalar.

In sa mahaɗi in ƙara wata waya a kan ta asali fa?

Zai yi sauti, amma pF ɗin biyun haɗuwa suke yi, sannan ka ƙara wuraren da tsatsa da sakwarkwacewa za su shiga. Idan rabin mita ne kawai ya rage maka, ka sa mafi gajarta da za ka samu, ka ƙara wa wayar ƙasa ita ma. Idan mita 2 ne ya rage, koma amsar da ta gabata.

Na naɗe rarar wayar na ɗaure. Ya rage matsalar?

Bai rage ba. Naɗaɗɗiyar mita 4 mita 4 ce.

Waya mai kauri, mai kan zinari, mai tsada, ba ta fi ba?

Kaurin da kake gani sau da yawa roba ce. Akwai wayoyi masu kauri da kyan gani da pF ɗinsu ya fi na siraran yawa. Ruwan zinarin da ke kan filogi yana da amfani guda, ba ya tsatsa, wannan kuma abin so ne a wuri mai damshi, amma ba ya ƙara wa sauti komai. Abu uku nake dubawa: a rubuta pF nawa ce a mita, saƙar tagullar ta rufe ko'ina ba ta yi shara-shara ba, filogin kuma ya kama ramin da kyau. Mai sayarwar da ya cika ka da labarin azurfa da tagulla marar iska amma ya kasa faɗin pF, bai san abin da garmaho ke buƙata ba.

Akwai ma inda kauri ke cutarwa. Garmaho irin Thorens TD 160 da Linn LP12 farantinsu da hannunsu suna reto ne a kan sifirin don kada girgiza ta kai ga allura. Waya mai tauri tana riƙe su, ta hana reton.

Wayar dish ko ta bidiyo za ta yi?

Ta fuskar lissafi, ƙwarai. Wayoyin da aka yi don hoto pF ɗinsu kaɗan ne, tsakanin 50 da 70 a mita. Wayar DVD ɗin nan mai kai uku, ja da kore da shuɗi, idan ta kirki ce, ka ɗauki biyu daga ciki ka yi amfani da su, da yawa sun fi wayoyin sauti ja da fari da ake bayarwa kyauta a kwali. Wayar dish kuwa tana da tauri, kuma yawanci saƙarta ta alminiyom ce wadda dalma ba ta kamawa, sai an sha wahala kafin a sa mata filogi.

Zan iya auna pF ɗin da kaina?

Idan na'urar awonka tana da wurin auna kafasita, za ka iya. Zare wayar daga amfilifaya, ka kuma raba ta da kan allura, ko dai ka kwance mariƙin kan gaba ɗaya idan mai kwancewa ne, ko ka zare siraran wayoyi huɗun nan: ja da kore na dama, fari da shuɗi na hagu. Kada ka auna da kan a jone, ba za ka sami amsar gaskiya ba. Ka fara karanta abin da na'urar ke nunawa kafin ta taɓa komai, sannan ka ɗora tsinke ɗaya a tsakiyar filogi, ɗaya a zobensa, ka debe na farko daga na biyu. Ƙananan na'urori ba su cika daidai ba a wannan ƙanƙantar, amma za su nuna maka bambancin 120 da 450, kuma shi kake nema.

Dole ta hagu da ta dama su zo daidai a tsawo?

Ya kamata, amma ba don ɗaya za ta riga ɗaya isowa ba. Sauti a cikin waya yana cin mita 1 a kashi 5 cikin biliyan na daƙiƙa. Dalilin shi ne pF: idan ɗaya ta ninka ɗaya, gefe guda zai fi kaifi.

Wayar sifika fa?

Wannan wata duniya ce. Wutar da ke cikinta mai ƙarfi ce, pF da gurnani ba sa damunta, kaurin tagulla kawai ake dubawa. Mai kaurin milimita 1.5 murabba'i, a nisan mita 10, turjiyarta zuwa da dawowa ba ta kai rubu'in om ba, sifikar kuma om 8 ce ko 6. Idan za ka zaɓi inda tsawo zai tafi a cikin kayanka, nan ne wuri mafi arha.

Masu kiɗan taro suna jan wayoyi masu tsawon gaske. Ta yaya?

Ka duba teburinsu: garmaho biyu, mikisa a tsakiya, tazarar ba ta kai kamu biyu ba. Amfilifayar fono tana cikin mikisar. Doguwar wayar daga mikisa take fita, kuma irin mai fil uku ce, XLR, wadda ke ɗauke da sautin a layi biyu masu kishiyantar juna, ta yadda hayaniyar da ta shiga duka biyun take soke kanta a ƙarshe. Akwai garmahon gida da amfilifayoyin fono masu irin wannan haɗi tun daga allura, an fi yin su don kan MC. Suna maganin gurnani sosai, amma ba sa rage pF.

Na gyara waya, gurnani ya tafi, amma muryar mawaƙi tana jan jiki kamar ya gaji. Har yanzu wayar ce?

Waya ba ta iya rage gudun faifai. Idan garmahon na gwanjo ne daga Amurka, duba farantin bayansa. Wutar can haz 60 ce, kuma akwai garmaho da yawa masu bel da motarsu ke ɗaukar gudunta daga juyawar wuta. A kan haz 50 irin wannan zai yi gudun kashi 5 cikin 6 na yadda ya kamata, faifan 33 ya koma wajen 28. Tiransifomar da ke sauke wuta zuwa bolt 110 tana gyara ƙarfin wutar ne kawai, ba ta taɓa juyawarta. Maganinsa sauya ɗan kan motar da bel ke zagayawa da wanda aka yi don haz 50. Idan ba daga can ya zo ba, to bel ɗin ne ya saki, ko man motar ya bushe, kuma duka biyun gyaran rana ɗaya ne.